Layin da Aka Cire a Bakin Iyaka

Akwai wani dattijo a nan birninmu Oradea mai suna Traian. Shekara talatin da huɗu ya yi yana gyaran layukan tarho kafin ya yi ritaya. Da ya ajiye aiki sai ya sayi tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ake yawon ƙasashe a cikinta, ga gado ga murhu ga ɗan banɗaki. Ya raɗa mata suna Kunkuru, wai don da gidanta take tafiya.

Traian ba mugu ba ne. Aibinsa ɗaya ne: a maganar waya da intanet, ba ya yarda wani ya san abin da shi bai sani ba. Yana cikin wani zauren masu irin motarsa a Facebook, kuma duk wanda ya tambayi yadda ake samun data mai araha a ƙasar waje, shi ne farkon mai amsawa.

Matarsa Sanda tsohuwar malamar firamare ce, mai haƙuri, mai gudun fitina. Ita kaɗai mahaifiyarta ta haifa. Tsohuwar, Mama Saveta, tana da shekara tamanin da shida, tana zaune ita da kajinta a ƙauye, ta ƙi komawa birni.

Idon Mama Saveta ya yi rauni, ba ta ganin lambobi. Don haka Traian ya saya mata ƙaramar waya mai madannai, ya ɗora lambar Sanda a kan madanni guda, ya shafa masa jan farce. Tsohuwar ta saƙa wa wayar ’yar jaka ta rataya a wuya. Jan nan kaɗai ta sani a duk wayar.

Ranar da suka je yi mata sallama, Sanda ta ga kyandir da ashana a kan teburin ɗakin girki, inda suke zama kullum. Mu a nan, ba abin da tsoho yake tsoro kamar ya cika ba kyandir a kunne a hannunsa. Tsofaffinmu sun ce wanda ya tafi haka, lalube zai yi ta yi a duhu.

Mama Saveta ta ce, “Ni ba mutuwar nake tsoro ba, ’yar nan. Kar dai in tafi ba haske.”

Sanda ta ce, “Mama, ki danna jan kawai. Ko ina nake zan ɗauka. In na yi nisa sai in kira maƙwabciyarki Rodica, taku ashirin ne tsakanin ƙofarki da tata.”

Traian ya yi dariya. “Mama, ke da za ki binne mu duka.”

“Kai dai ka tuƙa a hankali, injiniya,” in ji tsohuwar. Haka take kiransa in tana son tsokanarsa.

Suka kama hanya a farkon watan Mayu. A Bulgeriya da Girka ba wata matsala, layinka na gida yana aiki kamar kana gida. Kowace safiya tsohuwar sai ta danna ja, ta ba da labarin wace kaza ce ta yi ƙwai, wace ce ta ƙi.

Da suka kusa iyakar Albaniya, Traian ya faka a gefen hanya, ya buɗe tafin hannunsa.

“Kawo layinki.”

Sanda ta san dalilin. Shekara biyu baya sun ratsa Sabiya, wayarsa ta yi ta shan data a aljihu bai sani ba, aka caje shi kusan rabin fanshonsa. Abokansa na zaure suka yi wata guda suna yi masa tsiya. Tun ranar ya rantse ba zai sake tsallaka irin wannan iyakar da layin gida a waya ba.

Ta ce, “Mama fa?”

“Rodica tana da WhatsApp. Za mu sayi layin can, data har ta ishe mu. Ran Lahadi ta kai mata waya ku gaisa, har fuska ku ga juna. Kwana goma ne, Sanda, ba shekara goma ba.”

Sanda ta kira mahaifiyarta kafin ta cire. Ba ta iya gaya mata gaskiya ba. Ta ce mata dai inda za su shiga sabis yana wahala.

Tsohuwar ta ce, “To. Kin dai ce za ki ɗauka.”

Sanda ta zare layin da hannunta ta miƙa masa. Ya haɗa da nasa, ya manne su da salatif a cikin murfin wani gwangwanin kofi.

A garin farko ya sayi layin Albaniya, ya sa a wani ɗan akwatin intanet da bai fi sabulun wanka ba. Suka sauka a wani sansanin matafiya kusa da garin Himarë, cikin itatuwan zaitun, teku na ƙasa da su.

Motar da ke kusa da tasu ta wani ɗan ƙasarmu ce, Nea Fane, mutumin garin Brăila, tsohon direban babbar mota da matarsa ta rasu. Yana ganin lambar motarsu ya zo da kofi. Ana cikin hira wata tsohuwar waya mai madannai ta yi ƙara a aljihun rigarsa. Ya duba, bai ɗauka ba, ya mayar.

Traian ya ce, “Maƙwabci, layin gida ka bari a kunne a nan? Kai da alama kuɗinka sun yi maka yawa.”

Nea Fane ya ce, “Wannan ba ta san data ba, tsohuwa ce irina. Ba na ɗauka, gani kawai nake yi. Yayata ce. In an jima in neme ta ta intanet a wayar jikanta. Ina da wata irinta a mota, in kuna so ku sa layinku.”

“A wace makarantar ka karanto wannan?”

“A hanya. Shekara ashirin da bakwai ina ratsa iyakoki.”

Traian ya ce, “Ni kuma shekara talatin da huɗu ina cikin akwatin layukan nan. Kamfanin waya ba ya barin mutum ya ga ko kira a banza. Kai dai ka riƙe sitiyarinka, ka bar mana waya.”

Nea Fane bai ji haushi ba. Ya ce, “Allah ya huci zuciyar injiniya,” ya kwashe kofunansa.

Ran Lahadi Rodica ta kai wa tsohuwar waya kamar yadda aka shirya. Mama Saveta ta kanga fuska kusa da gilashin har hancinta kaɗai ake gani.

“Sanda, shekaranjiya na danna ja, wata mata ce ta ɗauka. Mai sanyin murya. Wai in bar saƙo. Wace ce ita?”

“Ta kamfani ce, Mama. Sabis ne.”

Kafin su ajiye, Rodica ta ce gobe za ta tafi birnin Cluj, ’yarta ta haihu, sai Alhamis za ta dawo.

Da aka kashe waya Sanda ta ce, “Traian, tunda Rodica ba ta nan, a mayar da layina. Na kwana ukun nan kawai.”

“Mace mai faskaren itace da kanta? Me zai same ta a kwana uku? In na mayar yau, gobe direban can ya cika zaure da labarin ya koya mini aiki.”

Washegari Sanda tana shanya a bayan mota, Nea Fane ya zo ya miƙo mata ɗayar wayar, ya rage murya.

“Malama, karɓi. Ki sa a aljihu, ba sai ya sani ba.”

Sanda ta dubi wayar. Ta san inda gwangwanin yake. Amma shekara talatin da takwas ba ta taɓa yin abu a bayan idon mijinta ba, kuma ta san in ya gane, sauran tafiyar a kumbure za a yi ta.

Ta ce, “Na gode, Nea Fane. Bari dai. Kwana uku ne.”

Ran Alhamis da hantsi Traian yana zaune ƙarƙashin rumfar mota, yana rubuta wa zaure dogon bayani kan yadda ya yi mako guda a Albaniya yana kallon ƙwallo, yana aika hotuna, da kuɗin da bai fi na abincin rana ba. Sai wayar Sanda ta yi ƙara, kiran WhatsApp. Rodica ce.

Ba ta ko gaishe ta ba. Ta ce tana saukowa daga bas ta ji kajin suna ihu a akurki. Ta tura ƙofa, ta sami Mama Saveta a ƙasa a ɗakin girki, tsakanin murhu da tebur. Ta riga ta cika. Likita ya ce ƙashin ƙugu ne ya karye, kuma ta daɗe a kwance kafin rai ya yi halinsa.

“Wayar tana hannunta, Sanda. Har caji ya ƙare.”

Sanda ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta shiga mota, ta fito da gwangwanin kofi, ta ɓanɓare salatif. Layin ya faɗi ƙasa sau biyu. Nea Fane ne ya matso ya tsinta, ya sa a tsohuwar wayarsa, ya kunna, ya miƙa mata.

Saƙonni suka fara shigowa. An neme ta sau goma sha bakwai, tun daga safiyar Talata har azahar ɗin Laraba. An bar saƙon murya uku.

Ta danna. Wayar tsofaffi ce mai ƙarfin sauti, duk ukunsu suka ji.

“Sanda, ni ce. Na zame a ɗakin girki, ƙafar ta ƙi tashi. Ba gaggawa. In kin gama abin da kike yi ki kira mini wani.”

Na biyun da yamma aka bar shi. “Matar nan ce dai take ta ɗauka. Baiwar Allah, ki gaya wa ’yata ban buɗe wa kaji ba, ba su ci komai ba.”

Na ukun na ran Laraba ne. Muryar ta dushe, sai an kasa kunne.

“’Yar nan, kyandir ɗin yana nan kan tebur. Na ja mayafin teburin, ashana ce kaɗai ta faɗo. Kar ki yi wa injiniya faɗa. Wataƙila ni ce ban danna daidai ba.”

Nea Fane ya cire hularsa. Da aka jima ya tashi ya naɗe musu rumfa, ya zare musu wayar wuta, ya cika musu tankin ruwa. Traian yana zaune inda yake, bayanin da bai gama rubutawa ba yana buɗe a cinyarsa.

Kwana biyu suka yi a hanya. Wajen iyakar Sabiya Traian ya ce, “Sanda, ki zage ni mana. Ki ce wani abu.”

Ta ce, “Da wane bakin? Ni na zare na miƙa maka. An kuma ba ni waya a hannu na mayar.”



A wajen jana’iza matan ƙauye suna ta raɗa, ba dai wanda ya faɗa da ƙarfi, amma kowa ya san ta tafi ba haske. Limamin coci ya ce wa Sanda rahamar Allah ba ta tsaya a kan kyandir ba. Ta gode masa. Daga yadda ta yi godiyar an san maganar ba ta shiga ba.

Traian bai tura bayanin nan ba. Ya fita daga zauren ba sallama. Layin Albaniya ya mutu a cikin ɗan akwatinsa, fiye da rabin datar ba a taɓa ba.

Yanzu shekara ta zagayo. Sun koma ƙauyen da zama. Kunkuru tana tsaye a bayan gidan tsohuwar, ciyawa ta kai rabin tayoyi, kaji suna yin ƙwai a ƙarƙashinta. Ba su rabu ba, ba sa faɗa. Tana zuba masa abinci, yana sara mata itace, hira ce dai babu.

Kowace safiya Traian yana zuwa maƙabarta ya kunna kyandir a kan kabarin. In iska ta kashe, ya sake kunnawa, ya kare da tafin hannunsa. Rodica ta ce wata rana ta wuce ta bayansa bai gan ta ba, ta ji yana cewa, “Daidai kika danna, Mama. Daidai kika danna.”

Darasi: Tattali abu ne mai kyau, amma akwai arahar da ba ta ado. In za ka yi nisa, kafin ka nemi hanya mafi sauƙi da za ka ji duniya, tabbata ba ka toshe hanya ɗaya tilo da mai rauninka ya sani ta nemanka ba. Kada girman kai ya hana ka karɓar shawarar wanda kake ganin ka fi shi sani, kada kuma gudun ɓacin ran wani ya sa ka yi shiru a kan alkawarin da ka ɗauka. Ku tura wa duk wanda ya bar tsoho a gida. In kuma naku yana raye, ku kira shi yau.