Gadon Kaɗanyar da Ta Ruɓe

An ce wai a wani gari an yi dokar cewa ba a saran kaɗanya mai rai, amma wadda ta ruɓe halak ce ga duk wanda ya riga kai mata gatari. A garin akwai wata tsohuwa Tabawa, wadda da man kaɗanya take ci da jikokinta huɗu.

Sai tsofaffin itatuwan da take tsintar 'ya'yansu suka shiga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Naman kaza ya tsiro a gindi, ciki ya zama kogo, kafin a ce haka Tanimu mai gawayi ya iso da gatarinsa. Abin ya ci mata rai. Tabawa kuwa, in ta sa abu a gaba, ko kura ba ta tare ta. Ta bi itatuwan tana ɓamɓare naman kazan, sai ga tsohon saran gatari a ƙarƙashin kowanne, an liƙe da laka don ruwa ya kwanta a ciki. Ta cika ƙwarya da naman kazan, sai gaban Alƙali Jibo.

"Allah ya gafarta Malam, kashe su ake yi. Saura tara, kuma ba zan tashi nan ba sai an raba ni da wannan zalunci."

Da aka kirawo Tanimu, sai ya ce, "Haba Iya! Kin gan ni? Ruɓa dai daga Allah take."

Alƙali ya jima yana jujjuya naman kazan a hannu, domin babu shaida, babu kuma wanda ya amsa laifi. Can ya ce, "Tanimu, ban kama ka da komai ba. Amma ku gaya mini, in mutum ya rasu, mai haƙa kabari ne ke gadonsa, ko iyalinsa? Daga yau kaɗanyar da ta ruɓe ta matan da ke tsintarta ce, su dafa mansu da itacenta. Ko reshe ɗaya ba za a yi gawayi da shi ba."

Tabawa ta share hawaye, ta ɗauki ƙwaryarta. Biyu daga cikin itatuwa taran da suka rage ba su rayu ba, bakwai kuwa har jikokinta suka aurar da 'ya'yansu suna tsinta, ba a kuma ƙara ganin sabon sara ba.

In ɓarna ta gagari shaida, a hana mai yin ta cin ribarta, da kansa zai ajiye gatari.