Batir Biyu a Motar Kafinta

An yi wani mutum, kafinta ne, wanda ya shekara uku yana mai da wata tsohuwar bas ta zama gida. Ya ciccire kujerunta, ya kafa gado da kabad, ya rataya fanka, ya ajiye ƙaramin firiji a lungu. Maƙwabta suka yi ta yi masa dariya, shi kuwa ko a jikinsa, gama don matarsa ya yi. Tana da ciwon suga, ga ciwon baya, ba ta iya doguwar tafiya a zaune. Allurarta kuma dole ta zauna cikin sanyi, in zafi ya buge ta, ta lalace ke nan.

Ana nan sai saƙo ya zo daga nesa, cewa 'yarsu Dinatu ta haihu. Namiji, jikansu na fari, ran Lahadi za a kai shi coci a sa masa albarka. Kai! Mutumin nan ya yar da zarto, ya shiga gida yana taka rawa da guduma a hannu.

"Maman Dinatu, haɗa kaya! A kwance za ki je, kina shan iska!"

To, motar nan batir biyu gare ta. Ɗaya yana gaba, shi ke ta da inji. Ɗayan yana ƙarƙashin gado, shi ke riƙe da fitila da fanka da firiji in an kashe mota. Dukansu sun tsufa. Ya ruga kasuwa, ya tarar sabo guda ɗaya tak ya rage mai girman da yake nema, ya saɓo shi a kafaɗa. Aka ce ya kira makaniki, ya ce, "Ni da na gina gida a kan taya, batir ne zai gagare ni?"

Matarsa ta leƙo ta taga. "Baban Dinatu, fankar nan fa da ƙyar take juyawa in ka kashe mota. Ko na cikin za ka fara canjawa?"

"Haba! So kike a tura mu a gaban mutanen unguwa? Na ciki wa ke ganinsa?"

Ta koma ga kayanta.

Aiki kam ya iya, ba zan rage masa ba. Ya ɗauki sifana, ya fara kwance baƙar waya, sannan ja. Ya kankare tsatsa, ya zaunar da sabon batir a gaba, ya ɗaura ja, ya ɗaura baƙa, ya ɗaure tam. Ya murɗa makulli sau ɗaya, inji ya ɗauka! Maƙwabtan da suka yi masa dariya suka shiga tafi. Daɗi ya kama shi har ya kashe ya sake tayarwa sau bakwai, ba don zai je ko'ina ba, don dai a ji.

Ran Asabar da safe suka kama hanya. Yana tuƙi yana waƙar yabo, ita tana kwance tana amsa masa, fanka na gudu, firiji na sanyi. Muddin inji na aiki, shi ke ciyar da kome, ba mai gane cewa na ƙarƙashin gado ya kusa mutuwa.

Da rana ta take tsaka suka iso wata gada, sai ga tirela ta faɗi ta tare hanya. Motoci sun yi layi gaba da baya, ba shiga ba fita. Aka ce sai yamma za a janye ta. Man da ke tankinsa ba zai isa a bar inji yana ƙona shi a tsaye ba, don haka ya kashe mota, ya fita yana nuna wa direbobi gidansa mai taya, yana ta zuba.

Da ya leƙo ciki, sai ya ga fanka tsaye cik. Firiji ya yi tsit. Motar ta ɗauki zafi kamar tanda. Matarsa na zaune a bakin gado, gumi na zuba, ta naɗe kwalaben allurarta cikin jiƙaƙƙen tsumma tana yi musu fifita da murfin kwano. Tsoro ya kama shi, kunya kuma ta rufe shi. In allurar nan ta lalace a dajin nan, ba maganar ganin jika ake ba, maganar ranta ake.

Ya finciko sifana, ya faɗa kan sabon batir.

Wani direban babbar mota ya ce, "Baba, in ka cire wannan, da me za ka tashi?"

Maganar ta yi masa nauyi a baki, amma ta fito. "Za ku tura ni."

Ya janye gado, ya zaro tsohon, ya sa sabon a gurbinsa. Yana ɗaure waya ta ƙarshe, fanka ta juya, firiji ya soma gurnani. Ihun da mutumin nan ya yi, ko murnar ranar da inji ya fara tashi ba ta kai shi ba. "Ya kama! Maman Dinatu, ya kama!" Ta mai da allurarta cikin sanyi, tana dariya tana share ido.

Da yamma aka buɗe hanya. Tsohon batir na ƙarƙashin gado da ya ɗaura a gaba ya yi ƙas, ƙas, ya yi shiru. Sai direbobi da fasinjoji har da mata masu sayar da gyaɗa suka kifu a bayan motar. "Giya biyu, Baba! Tura! Tura! Saki kuloci!" Mota ta zabura, ta yi tari, ta tashi. Gada duka ta ɗauki sowa.

Kashegari bayan an tashi daga coci, surukansa ne suka tura shi, cikin manyan riguna, jama'a na kallo. Bai ji kome ba, gama a bayansa Maman Dinatu tana zaune a kan gado, jikanta a cinya, fanka na kaɗa su.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce rayuwar kowannenmu. Batir na gaba shi ne ƙarfin da muke kashewa a waje don idon jama'a: fara'a a kasuwa, murya a ƙungiyar mawaƙa, doguwar addu'a a gaban ikilisiya. Na ƙarƙashin gado shi ne abin da muke rage wa mutanen gidanmu, da kuma Ubangiji a ɗaka inda ba mai tafa mana. Kowace safiya Allah yana ba ka sabon ƙarfi. Ina kake ɗaura shi?

Na san dattijon da in ya yi addu'a a nan sai mata su yi kuka, amma rabon da ya tambayi matarsa yaya jikinta, shi ma ba zai iya tunawa ba. Kada ku waiwaya, ba sunan da zan kira! Akwai kuma uwar da ba ta fashin taron zumuntar mata, 'ya'yanta kuwa tsawa kaɗai suka sani a bakinta. Muddin akwai lafiya da aiki da kai-da-kawowa, inji na rufa mana asiri. Amma rana tana zuwa da hanya za ta toshe, ciwo ko tsufa ko rashin aiki su tsai da kai. A ranar ne za a ga abin da ka ajiye a ciki.

Kafintan nan ya ci sa'a, ya leƙa da wuri. An tura shi, an yi masa dariya, bai ragu da kome ba. Da ya ƙara awa biyu yana zuba a waje, da duk masu turin nan ba su iya mai da masa abin da ya lalace ba.

Saboda haka yau in ka koma gida, kafin ka tuɓe takalmi, ka tambayi wadda ke ciki ko fanka tana juyawa. In ta ce maka da ƙyar, kada ka ce mata wa ke gani. Ka ɗauko sifana.