Kwanar da Makara Ta Kasa Juyawa

Akwai wani saurayi a Gwarzo mai suna Badaruddeen, mai zanen gine-gine. Ya daɗe yana aiki a Abuja, inda wani ubangidansa ya taɓa ɗaukar zanensa ya sa nasa sunan. Tun daga nan bai ƙara yarda da abokin sana'a ba. Da wannan ciwon ya dawo gida.

Ya tarar damina ta rushe gidajen ƙasa da dama a tsohuwar unguwarsu. Mutanen unguwa suka haɗa kai a sake gina ta. Bappa Mudi, dattijon da ke jagorantar aikin, ya damƙa masa gidajen gabas da lungu. Na yamma kuma ya ba wani mai zane daga Kabo, Abdulmumini.

"Ku haɗa kai, ku biyun duk 'ya'yana ne," in ji Bappa Mudi.

Badaruddeen ya ce to, amma zuciyarsa ba ta ce to ba. Wannan ne aikinsa na farko a garinsu, kuma ya ƙudura sunansa ne zai fita, ba na wani ba. Ya zana wani zaure mai kyau a daidai kwanar lungun, wanda duk mai wucewa sai ya tambayi wanda ya yi shi.

Abdulmumini mutum ne mai fara'a da yawan tambaya. Wannan fara'ar ita ta fi damun Badaruddeen. Ubangidansa na Abuja ma haka yake murmushi.

Wata safiya Badaruddeen ya iske Abdulmumini a ɓangaren gabas yana gwada faɗin lungu da igiyar awo.

"Akitek na Abuja, an tashi lafiya? Ya gajiya?" in ji Abdulmumini.

"Lafiya lau. Me kake aunawa a gefena?"

"Lungu ai ba shi da gefe, na kowa ne. Kawo zanenka mu ɗora a kan nawa, mu ga inda za mu haɗu."

"Ka ga nawa, ni in ga me?"

Abdulmumini ya yi dariya. "Ga nawa nan a mota, ka ɗauka ka tafi da shi gida."

Badaruddeen bai karɓa ba. A ransa ya ce wanda ya saki nasa da sauƙi haka, ya san abin da yake hari. Ya gargaɗi maginansa kada wanda ya buɗe wa ɗan Kabo takarda. In ya hango shi suna hira da Bappa Mudi, sai ya yini yana saƙa abin da suke ƙullawa.

Gini ya tashi. Abdulmumini ya ɗan matso da katangarsa don wani gida ya sami turken shanu. Zauren Badaruddeen shi ma ya turo hanci cikin lungu. Ba wanda ya san da shirin ɗan'uwansa sai da bulo ya kai kafaɗa.

"Kwanar nan ta matse, ɗan'uwa," in ji Abdulmumini. "Mu zauna mu ga wa zai ja baya."

"Wato ni zan ja, ko? Na san za a zo nan."

Badaruddeen ya hau babur ɗinsa ya bi ta kwanar ya dawo. "Ka gani? Ya wuce." Aka bar maganar, aka yi rufi, aka yi fenti, mutane suka tare. Zauren kuwa ya sha yabo.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Malam Ƙasim rasuwa, malamin da ya koya wa rabin unguwar karatu, har da Badaruddeen. Gidansa na can ƙarshen lungu.

Aka yi masa sutura, aka ɗauko shi a makara. Jama'a sun cika bakin titi, liman yana jira. Da masu ɗauka suka iso kwanar, sai suka tsaya. Gaba ya tokari zaure, baya ya tokari katanga. Suka ja baya suka sake gwadawa. Wani ya ce a karkata ta, babban ɗan mamacin ya ce ba za a karkata mahaifinsa ba.

Bappa Mudi ya juyo ya dubi Badaruddeen.

"Ɗana, da ka auna masu fita da ƙafarsu, ba ka tuna da waɗanda ake fitarwa ba?"

Badaruddeen ya shiga gidan da ke kusa ya aro babbar guduma. Aka mayar da makara cikin inuwa. A gaban duk garin ya fara dukan kusurwar zaurensa, fenti yana zuba. Can ya ji wani dukan a bayansa. Ya waiga, sai ga Abdulmumini da diga yana sare tasa katangar.

Aka wuce da Malam ta kan ɓaraguzai. Har yau a unguwar ba mai cewa zauren Badaruddeen. Kwanar Makara ake cewa.

Darasi: Zargin abokin aiki ba ya tsare maka suna, sai dai ya hana ka ganin abin da ido biyu za su gani tare. In aikinku na jama'a ne, ku buɗe wa juna tun kafin a ɗora bulo. Ka tura wannan ga wanda kuke aiki tare, ko da ba kwa shiri.