Ranar da Wuta Ta Dawo wa Mu'azu Mai Inji

Akwai wani mutum a Tarauni, ana ce masa Mu'azu Mai Inji. Shekara goma sha tara yana niƙa masara da gero a wani shago kusa da kasuwa, kuma ba za ka yi minti biyar da shi bai faɗa maka ba. Zai turo hula gaba, ya karkace baki: "Ni da injin nan? Ko tari ya yi na san abin da ke damunsa."

In inji ya yi babbar lalacewa, mai shagon yakan kira Luka, wani bakanike ɗan Kafanchan da ke zaune a Gyadi-Gyadi. Luka ba ya taɓa ko noti ɗaya sai ya kashe makunni, ya zare fis, ya rufe akwatin wutar da kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu. Sannan ya danna maɓalli ya ga ko inji zai motsa.

Abin yana ba Mu'azu dariya. Sai ya bi bayansa yana kwaikwayon tafiyarsa, yana yi wa mata masu niƙa shela: "Ku matsa, ku matsa, mai gadin banki ya iso!"

"Malam Mu'azu, inji fa bai san shekarunka ba," in ji Luka.

"To, Fasto, mun ji wa'azi."

Wata Laraba da hantsi ana tsakiyar niƙa, dutse ya maƙale a cikin injin, ya kama gurnani. Kafin Mu'azu ya juya, ɗif, aka ɗauke wuta.

Hajiya Maryam mai tuwon sayarwa ce a gaban layi. Ta ce, "Ka kira Luka mana."

"Luka? A kan ɗan dutse?" Ya ɗauki sifana ya kwance murfin.

"Ai ba ka kashe makunnin ba."

"Haba Hajiya, me zan kashe? An kashe mini tun daga sama. Wutar unguwar nan in ta tafi da hantsi, sai la'asar, shi ma in an ga dama."

Matan suka gyaɗa kai, don duk Tarauni an san haka ne.

Ya zura hannun dama har gwiwa, ya lalubo dutsen da yatsa. "Yawwa, na kama ɗan banza..."

Aka kawo wuta. Makunni yana nan a kunne yadda ya bar shi.

A waje mai aski da mai walda da masu firij suna ta murna, "An kawo! An kawo!" Babu wanda ya ji ihun Mu'azu a cikinsu. Hajiya Maryam ta ruga gaban akwatin wutar tana salati, ba ta san wanne za ta ja ba. Sai da wani tela ya shigo ya fizge fis ɗin.

A asibiti aka yanke masa hannun daga wuyan hannu.

Luka ya je dubiya da lemo da ayaba. Mu'azu ya yi ta jira ya ji "ai na faɗa maka", ko ya samu wanda zai yi wa faɗa. Luka bai ce komai ba sai, "Sannu, Malam. Allah ya ƙara sauƙi." Mu'azu ya juya fuska bango.

Sati bai cika ba aka sa wani a shagon.

Yanzu matarsa Sa'adatu ce ke ɗaure masa tazuge. In za a ci abinci sai ya tura ƙofa, kada 'ya'yansa su ga ubansu yana kai loma da hagu. A ƙofar masallaci kuwa, duk wanda ya miƙo masa hannu, shi ne mai fara cewa, "Yi haƙuri, da hagu ne."

Darasi: Ɗauke wuta ba kashe inji ba ne. Kafin hannunka ya shiga, kashe da kanka, zare fis, kulle akwatin, riƙe makullin, ka gwada ka gani. Ku tura wa duk wani mai inji da kuka sani, musamman wanda ya ce ya daɗe a harkar.