Madubin da Keziya Ta Kife

A wani babban gari akwai wata budurwa, sunanta Keziya. Tun tana ƙarama risho ya fashe kusa da ita, wuta ta ci gefen fuskarta na hagu, daga kunne har haɓa. Ta warke, amma fatar ta tattare ta yi tabo, har in ta yi murmushi gefe ɗaya ne kawai na bakinta yake ɗagawa. Da ta yi wayo sai ta cire madubin ɗakinta ta tura shi ƙarƙashin gado, ta koyi yafa gyale yadda zai rufe kuncin nan. Ku 'yan matan da kuke bencin baya, ku da ba kwa fita sai kun gaisa da madubi kun sake komawa kun yi masa sallama, ku yi tunanin shekara da shekaru babu shi.

Yarinyar nan kuwa tana da kai, ga ta da murya. In tana wanke-wanke a tsakar gida tana waƙa, maƙwabta sukan yi tsit su saurara. Ta yi karatu ta gama, ta shiga neman aiki. Ta je banki, ta je otal, ta je babban kanti. Ko'ina labarin ɗaya ne. A duba takardunta a gyaɗa kai, a ɗago a dubi fuskarta, sai a ce, "To, je ki, za mu neme ki." Har yau ba su neme ta ba. Gaskiya abin nan yana ƙona mini rai duk lokacin da na tuna shi.

Ana nan sai wani kamfanin waya ya yi shela yana neman masu amsa kira, wato mutanen nan da kuke bugawa in layinku ya toshe ko katinku ya ƙi shiga. Mahaifiyarta ta ce, "Ki je, 'yata. Wannan aikin baki ne, baki kuwa Allah ya ba ki." Keziya ta je ba don ranta yana so ba. Ta tarar da layin masu nema ya fito har bakin titi. A bakin get an sa tebur, wata mata tana karɓar takardu. Da aka zo kan Keziya, ta ja gyale, ta sunkuyar da kai, ta miƙa nata, ta juya da sauri. Ko kallon matar ba ta yi ba.

Bayan 'yan kwanaki tana zaune tana tsince shinkafa, wayarta ta yi ƙara. Muryar mace ta ce, "Keziya ce? Daga kamfanin da kika nemi aiki ne. Mu a waya muke yin intabiyu. Yanzu ni kwastoma ce, raina a ɓace, ke kuma ma'aikaciyarmu ce. To, mu ji ki."

Kafin Keziya ta ajiye tire, matar ta hau faɗa. "Tun jiya layina ya mutu! Ku mutanen nan ba ku da tsoron Allah! Ɗana yana makarantar kwana, ban ji muryarsa ba!"

Keziya ta ce, "Wayyo, Mama, sannu. Ai dole ranki ya ɓaci, uwa ba ta ji muryar ɗanta ba. Ki ba ni lambar, ba zan ajiye wayar nan ba sai kun gaisa da shi."

Matar ta ƙara wuta, Keziya ta ƙara haƙuri. Tana gidan uwarta, ba idon kowa a kanta, sai muryar nan tata ta fito sarai, da daɗi da fara'a. Can matar ta kasa riƙe faɗan, ta yi dariya ta ce, "Ya isa. Ki zo ranar Litinin."

Kai, ranar an yi rawa a gidan! Amma murnar ba ta kai yamma ba, wani tunani ya shiga zuciyar Keziya ya zauna daram. Ta ce a ranta, "Don ba su gan ni ba ne. Ranar da suka gan ni, shi ke nan." Da wannan tunanin ta tafi aiki.

Wurin aikin wani makeken ɗaki ne mai sanyi, an yanka shi ƙananan lunguna a jere kamar akurkin kaji. Kowane lungu da kujera, da kwamfuta, da abin sawa a kunne. Kira kuwa ba ya yankewa. Kana ajiye wannan, wancan ya shigo. Wannan datarsa ta ƙare bai san inda ta tafi ba. Wancan ya manta lambar sirrinsa, amma laifinka ne. Wata tsohuwa sai ta gaishe ka ta gaishe da gidanku kaf kafin ta tuna abin da ya sa ta kira. Wani ya zage ka ya haɗa da iyayenka, ka ce masa, "Mun gode da kiranka, yallaɓai." Wani ma ba abin da ya dame shi, muryar mace ya ji yana neman aure. Ni dai na sara wa masu aikin nan. Ku da kuke buga musu kuna surfa musu zagi, ku sani 'ya'yan wasu ne.

Shugabar ɗakin ita ce Madam Afiniki, gajeriya, mai tabarau, ba ta wasa da aiki. Daga murya Keziya ta gane ita ce ta kira ta a waya. Madam ta tara sababbi ta ce musu wata guda za a gwada su, kuma kowane kira ana naɗar sa, ita da kanta take saurara. Wanda ya yi, a riƙe shi. Wanda bai yi ba, a sallame shi. Sa'an nan ta nuna musu wani abu. A kowane tebur, gefen kwamfuta, akwai ƙaramin madubi a tsaye.

Ta ce, "Mai kira ba ya ganinku, amma yana jin fuskarku. In kun ɗaure fuska zai ji, in kun sake ta zai ji. Kafin ku ɗauki kira, ku kalli madubin nan ku yi murmushi. Dokar ɗakin nan ke nan."

Keziya ta zauna a lungunta, ta ɗago ido, sai ga fuskar da ta yi shekaru tana gudu. Ta miƙa hannu ta kife madubin.

Daga ranar muryarta ta shige ciki. Ta san aikin sarai, ba ta kuskure a kwamfuta, amma magana take ƙasa-ƙasa, a gaggauce, kamar wadda ta shiga gidan mutane ba sallama tana jira a kama ta. In Madam ta bi ta bayanta sai ta ƙara jan gyale. In Madam ta yi shiru, sai ta ce a ranta, "Nadama take yi." Masu kira suka riƙa cewa, "Ke, ɗaga murya mana!" Wasu su kashe wayar su sake bugawa ko za su dace da wani. Kwanakin gwaji kuwa suna ta ƙarewa.

A makon ƙarshe Madam Afiniki ta kira ta ofis. Da ta shiga, Madam ta danna kwamfuta. Sai ga muryar Keziya ta ranar intabiyu tana cewa, "Wayyo, Mama, sannu." Ta sake dannawa, sai ga kiran jiya, murya a shaƙe kamar mai mura.

Madam ta ce, "Ta farkon nan ita na ɗauka aiki. Ta biyun ban san ta ba. Ranar Juma'a zan faɗi waɗanda za a riƙe, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, wannan ta biyun ba zan riƙe ta ba. Ina kika kai mini yarinyata? Me ya sa madubinki yake kife?"

Hawaye suka zubo wa Keziya. Can ta ce, "Madam, ki yi haƙuri. Na san a waya kika ɗauke ni. Da kin ga fuskata, da ba ki kira ni ba. Kowa haka yake yi."

Madam ta cire tabarau ta ce, "Keziya, ranar da kuka yi layi a bakin get, wa ya karɓi takardunki?"

Ta ce, "Wata mata ce, ban kalle ta ba."

"Ni ce. Kina miƙo hannu gyalenki ya zame, na ga fuskarki tun daga kunne har haɓa. Na ga fuskarki kafin in ji muryarki, 'yata. Ina sane da ita na buga miki waya. Ba a ɓoye kika shigo nan ba, kiranki aka yi. Tashi ki koma kujerarki."

Keziya ta koma lungunta ta zauna. Ta daɗe tana kallon bayan madubin. Ba ƙaramin abu ba ne, jama'a, kada wani ya ce ai ɗaga madubi ne kawai. Ta sa hannu ta tayar da shi. Ta kalli tabon, tabon yana nan yadda yake, ko ɗigo bai ragu ba. Amma da ta ƙara dubawa, sai ta ga a cikin madubin akwai wata fuskar a saman kafaɗarta. Madam Afiniki ce ta biyo ta, ta tsaya a bayanta, tana kallon fuskar nan ido cikin ido, ba ta kau da kai ba.

Sai kira ya shigo. Wani Alhaji ne, ɗan kasuwar tumatir, ya zo da zafinsa. "An toshe mini layi! Da wayar yarona nake kiranku! Motata tana hanya cike da kaya, direba bai san inda zai sauke ba, kuna so ya ruɓe ne? Marasa mutunci kawai!"

Keziya ta kalli madubi, ta ja numfashi, ta yi murmushin nan nata mai gefe ɗaya. Ta ce, "Subhana, Alhaji, tumatir ai ba ya jiran kowa! Sannu. Ba ni lambar, in Allah ya yarda ko ɗaya ba zai ruɓe ta dalilinmu ba." Ta yi masa 'yan tambayoyi don ta tabbatar layinsa ne, hannunta yana aiki, bakinta yana lallashi. Ta ce ya kashe tasa wayar ya kunna. Ya kunna, layi ya dawo.

Sai Alhaji ya ce, "Ke yarinya, tun ɗazu ina ji, dariya kike mini ko?"

Ta ce, "A'a, Alhaji, murmushi ne."

Ya ce, "To, ci gaba da shi, yana da kyau. Allah ya yi miki albarka."

Tun da risho ya fashe, ba wanda ya taɓa ce mata murmushinta yana da kyau. Ta sa bakin gyale ta share ido, ta bar gyalen ya sauka a kafaɗa, ta ɗauki kira na gaba. Ranar Juma'a aka riƙe ta. Da ta koma gida ta durƙusa ta jawo tsohon madubin daga ƙarƙashin gado, ta goge ƙurarsa, ta rataye shi.

To, ku buɗe kunne ku ji ma'anar misalin nan.

Kiran da aka yi wa Keziya, kiran Ubangiji ne gare mu. Tabon kuwa shi ne abin da kowannenmu yake rufewa da gyale. Na wani, zunubin da ya yi ne da hannunsa. Na wani kuwa bai yi komai ba, yi masa aka yi, kamar yadda wuta ta yi wa Keziya, amma kunyar a kansa ta zauna. Da yawa a cikinmu muna zuwa sujada, muna waƙa, muna hidima, amma can ƙasan zuciya muna cewa, "Don bai gan ni sosai ba ne." Shi ya sa addu'armu take fitowa a shaƙe. Shi ya sa in fasto ya dube mu sai gabanmu ya faɗi. Muna zaune a gidan Ubanmu kamar ɓarayi.

Madubin shi ne Maganar Allah. Ba ta yi wa kowa kwalliya, abin da yake nan shi take nunawa, don haka muke kife ta. Amma wanda ya kife ta don kada ya ga tabonsa, ya hana kansa ganin wanda yake tsaye a bayansa. Ku lura kuma, Madam ba ta sassauta doka ba, ba ta ce a cire wa Keziya madubi don tausayi ba. Gaskiya ta faɗa mata, sa'an nan ta bi ta ta tsaya tare da ita. Haka Mai Cetonmu yake yi.

Masu kira su ne mutanen da kake haɗuwa da su daga Litinin zuwa Asabar: matarka, 'ya'yanka, mai faɗa da kai a kasuwa. Ba sa ganin zuciyarka, amma suna jin ta a muryarka. Mutumin da bai yarda an karɓe shi ba, da wuya ya karɓi wani da fara'a.

Ni kam Keziya ta burge ni. Ba a cire mata tabo ba, da shi ta yi murmushi, da shi ta yi aikin da aka kira ta ta yi. Kai fa? Ke fa, da kika sunkuyar da kai tun da na fara maganar nan? Abin da kike ɓoyewa, tun a bakin get gyalen ya zame. Ubangiji ya gani, yana sane ya kira sunanki. Ki koma ki tayar da madubin.