Hantar Ragon Sunan Basira

Akwai wani saurayi a unguwar Bolewa da ke Potiskum, sunansa Abdulbaƙi. Yana shekara ta biyu a kwalejin kiwon lafiya, yana karatun zama duba-gari. Saura masa shekara guda, sannan ya zana jarabawar samun lasisi. Amma kun san halin 'yan uwa, tun ranar da ya saka farar riga suka naɗa shi likitan gida. Shi ma gogan bai taɓa musawa ba.

Ana nan yayarsa Basira ta haifi ɗanta na fari. Mijinta Siddiq ya yi wata takwas yana kiwon rago domin wannan rana, kuma ba shi da wani.

Da safiyar suna aka yanka rago. Mai fiɗa ya ciro hanta, wadda a al'ada ake fara gasa wa mai jego, sai ya tsaya cak. Wasu ƙuraje ne farare a jikinta, cike da ruwa.

Wani ya ce a binne ragon dukkansa. Wani ya ce a yi shiru a dafa, wuta za ta kashe komai. Siddiq kuwa gumi kawai yake yi, ga baƙi daga Nangere sun cika ƙofar gida.

Ya Kaka, kakar su Basira, ta dogaro sanda ta ce, "Ina mijin nawa mai boko? Zo ka yanke mana hukunci."

Kowa ya zuba wa Abdulbaƙi ido. Wallahi na tausaya masa. Idan ya ce a binne, ya kunyata yayarsa. Idan ya ce a ci, ga mai jego da jariri a nono. Gaskiyar magana kuma, sau biyu kacal ya taɓa zuwa mahauta koyon duba nama.

Ya ce, "Ya Kaka, ban sani ba. Amma na san wadda ta sani. Kada a taɓa naman nan."

Wasu suka yi dariya. Bai kula su ba, ya kira Malama Fanne, duba-garin da ke koya musu aiki a mahauta.

Kafin rabin awa ta sauka daga keke. Ta saka safar hannu, ta tsaga hantar, ta duba huhu da zuciya, ta bi sauran naman gaɓa-gaɓa.

Ta ɗago ta ce, "Tsutsa ce, a hanta kaɗai ta tsaya. A binne hantar da zurfi, kada a jefa wa kare, don ta wurinsa take dawowa kan mutane. Sauran naman lafiya lau, ku dafa shi sosai ku ci."

Siddiq ya zauna a ƙasa yana ta alhamdulillahi. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida.

Malama Fanne ta juyo wurin Abdulbaƙi ta ce, "Shekara goma sha tara ina wannan aiki. Ɗalibin da ya ce bai sani ba, shi nake iya bar wa mahauta in tafi hankalina kwance. Ranar Litinin ka zo da wuƙarka."

Darasi: Faɗin "ban sani ba" ba ya rage wa mai neman ilimi daraja, musamman idan lafiyar mutane ce a hannunsa. Ku tura wa duk ɗalibin da kuka sani.