Tsoho Mai Gyaran Baya Da Ya Ƙi Ɓoye Sana'arsa

Akwai wani dattijo a unguwar Tandabawi ta Makka, ana kiransa Baba Tsoho mai gyaran baya. Shekara arba'in da biyu ya yi yana daidaita ƙashin bayan mutane da tafin hannunsa. Masu dako, masu tura keken tsofaffi wajen ɗawafi, duk wanda baya ya riƙe wa, gidansa ake kai shi.

A wurin mahaifinsa ya gaji sana'ar, shi kuwa mahaifin da ita ya taho daga Sakkwato. Dokar gidan guda ce: ba a koya wa bare, ba a koya wa mace. Shi ya sa Majid, ɗan wansa, kaɗai aka koya wa. Hannun Majid bai gama nuna ba ya tafi ya buɗe nasa wuri mai kujerun alfarma.

Tsoho ya duba ya ga tsufa na cim masa, ga mata na haƙuri da ciwo don ba sa son hannun namiji. Sai ya zaunar da 'yarsa Ummulkhairi ya fara koya mata. Ya kuma ɗauki Mukhtaru, wani magidanci mai tura keke wanda iyayensa suka zo daga Chadi. Abin da ya fara koya musu shi ne inda hannu ke tsayawa: in suka ji alamar karaya ko ƙafa ta mutu, su tura mutum asibiti a ɗauki hoto.

Da dangi suka ji, suka cika falonsa bayan sallar Juma'a.

Majid ya ce, "Ya ammi, baffana, gadon kakanmu za ka miƙa wa mai tura keke? Da mace?"

Tsoho ya ce, "Kakanka bayan mutane ya gyara, ba bayan dangi kawai ba."

"To in ba ka daina ba, halas, shi ke nan, babu mu babu kai."

Tsoho ya miƙe, ya buɗe ƙofa da kansa. "Ga hanya. Wallahi ba zan shiga kabari da abin da zai sauƙaƙa wa wani ciwo ba. Gobe ma darasi za mu yi."

Shekara uku babu ɗan'uwan da ya taka gidan, ko ranar Sallah. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ko yini ɗaya bai fasa koyarwa ba. Almajiran sana'ar suka kai bakwai.

Ana haka sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce sai an dage da motsa jiki kullum. Majid ya leƙo sau ɗaya, ya kalli hannun da ya lanƙwashe, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya fita.

Mukhtaru kuwa kowace safiya sai ya zo kafin ya tafi aiki. Shi da Ummulkhairi suka riƙa miƙar da gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya. In zafi ya sa Tsoho hawaye, sai ya ce, "Ci gaba. Haka na koya maka?" A wata na tara ya taka da sandarsa har masallacin unguwa.

Shi kuwa Majid, ya murɗe wuyan wani mutum ba tare da ya tura shi hoto ba. Mutumin ya kwanta wata biyu, aka rufe wurin Majid.

Wata ranar Asabar Majid ya shigo gidan Tsoho kansa a sunkuye, ya durƙusa. "Ya ammi, ka yafe mini. Ka koya mini daga farko."

Tsoho ya ce, "Na yafe. Amma hannuna ya tafi." Ya nuna Mukhtaru da sanda. "Ga malaminka nan. Cire agogo, ka je ka wanke hannu."

Majid ya tashi ya nufi famfo.

Darasi: Ilimin da ka ɓoye tare da kai zai mutu, wanda ka bayar shi zai tashe ka ranar da ka faɗi. Kada ka raina mai neman sani don sana'arsa ko asalinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu sana'ar hannu.